Tambaya: da gaske ciyawar ruwa na tona asirin gubar nukiliya a bakin teku?

Sani_Kuseri

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu ilimin kimiyya a cikinmu ina da tambaya. Ina karatu a jami'ar Ngaundere ɓangaren kimiyyar muhalli, to a wani darasi malaminmu ya ce a Turai in suna so su san ko burɓushin nukiliya ya shiga ruwan bakin teku ba ruwan kawai suke ɗiba ba, ciyawar da ke manne a duwatsun gaɓa suke tsinkowa su kai labo a auna. A wuce ya faɗa lokaci ya ƙare, amma abin ya tsaya min a rai. Me yasa ciyawa? ai ruwan ake zargi, me zai hana a auna shi kai tsaye. Na biyu kuma shi ya fi damuna, mu nan arewa da ba mu da teku, Logon gare mu da Shari da Binuwai da Tafkin Chadi, shin kainuwa da bado da shalla za su iya wannan aikin? Don ina so na ɗauki abin a memwar ɗina, wato binciken kammala karatu, in Allah ya kai mu. Wanda ya san wani abu ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Malam_Garwa

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Ni fizik nake koyarwa a lise nan Garwa, bari na faɗi abin da ya sawwaƙa.

Ruwan ma ana auna shi, ba wai an bar shi ba ne, sai dai yana da wahala. Teku faɗi gare shi, duk abin da aka zuba ciki sai ya bazu har abin da ke cikin lita ɗaya bai kai na'ura ta gan shi ba, sai ka ɗebi lita ɗari ko fiye ka yi ta tacewa kafin ka samu abin aunawa. Sannan ruwa ba ya zama wuri ɗaya, a bakin teku sau biyu a yini yake cikowa ya janye, in masana'anta ta saki dattinta ranar Talata kai kuma ka zo da kwalbarka ranar Juma'a to ruwan da ka ɗiba ba shi ne ya ɗauki dattin ba, wancan ya yi gaba tuni. Ita kuwa ciyawar tana nan manne da dutse dare da rana, ba ta da saiwar shan abinci daga ƙasa irin ta gero, da duk jikinta take zuƙar sinadaran da ke cikin ruwa tana tarawa. Kamar zanen da aka rataya a madafa ne, hayaƙi ya fita tun jiya amma kana shinshina zanen ka san an hura wuta.

Abin da ya sa dabarar ke ci kuwa, ciyawa ba ta bambance sinadarin aidin mai lafiya da aidin mai tururin nukiliya, a wajenta duk aidin ne. Irin ciyawar nan mai launin ƙasa-ƙasa ta tekun sanyi tana tara aidin sau dubbai fiye da yadda yake a ruwan da ke kewaye da ita, shi kansa aidin ɗin ma a tokar ciyawar teku wani Bafaranshe Bernard Courtois ya fara gano shi a 1811.

Misalin da aka fi sani shi ne Sellafield a arewa maso yammacin Ingila, wurin da aka daɗe ana sarrafa makamashin nukiliyar da aka gama amfani da shi har zuwa 2022, suna da bututun da ke zubar da ruwa a tekun da ke tsakaninsu da Ailan. A 1994 wani sinadari mai suna teknesiyom 99 ya ƙaru sosai a cikin abin da suke zubarwa, shi kuwa wannan sai ya shekara sama da 200,000 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Cikin 'yan shekaru sai ga shi a ciyawar bakin tekun Norwe, ka duba taswira ka ga nisan. Mutanen Norwe suka yi ta ƙorafi da sakamakon awo a hannunsu ba da baki kawai ba, a 2004 aka sauya hanyar tace ruwan aka rage zubarwar ƙwarai, kuma a jikin ciyawar dai aka ga adadin yana sauka.

Sai Fukushima ta Japan, 11 ga Maris 2011 da girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka lalata tashar nukiliyar da ke wurin. Cikin kamar wata ɗaya masu bincike a Kalifoniya suka samu aidin 131 a dogayen ciyayin tekunsu, kuma ba ta ruwa ya iso ba, iska ce ta ɗauko shi ta ƙetare tekun Fasifik ruwan sama ya sauke shi, ganyen da ke shimfiɗe a saman ruwa ya zuƙe. Aidin 131 duk kwana 8 yake raguwa da rabi don haka bai daɗe ba ya ɓace. A 2014 aka sake bin gaɓar ana tsinkar ciyawa ana neman siziyom 134, shi ne shaidar Fukushima tunda duk shekara 2 yake raguwa da rabi, na zamanin gwajin bama-baman nukiliya ya riga ya ƙare, to ba a same shi ba. Wannan ma sakamako ne babba, hankalin mutane ya kwanta bisa hujja.

Maganar bado da kainuwa zan bar wa waɗanda suka fi ni sanin bakin ruwa.

DanBulangwa

Slm. Ni a bakin tafki aka haife ni, su muka gada kaka da kakanni. Malam in na fahimce ka sirrin abin shi ne ciyawar ta tsaya wuri ɗaya. To in haka ne Sani ka cire kainuwa daga lissafi, kainuwa ba ta da gida, yau tana nan gobe iska ta kaɗa ta wani tsibiri, wadda kake gani a Kuseri lokacin cikar ruwa Allah kaɗai ya san daga ina ta taso ko daga Bongor ko can sama da nan, in ka auna ta ka samu wani abu wa za ka ce ya zuba? Bado da shalla da burgu su ne mazauna, saiwarsu na cikin laka. Kuma bado mutane na cin 'ya'yansa da tushensa, burgu kuma shanu ke ci mu sha nonon, ni a ganina su ya kamata a fi sa wa ido.

Sannan ka lura da lokaci, ruwan Shari wajen watan 10 zuwa 11 yake cika daga nan ya yi ta sauka har bazara, ciyawar kaka da ciyawar watan 4 wlh ba ɗaya ba ne ko a ido, balle a na'ura. Tawa tambayar kuma, me zai hana a auna kifi tunda shi muke ci shi muke sayarwa har Maiduguri.

Maman_Hafsat_Njamena

DanBulangwa Allah ya biya ka ɗan'uwa, maganarka ta kainuwa ita ce daidai. Ni aikin labo nake yi, bari na ƙara kan abin da Malam ya faɗa.

Kifi ana auna shi, amma amsar wata tambaya yake bayarwa. In kana so ka san ko abincin mutane lafiya lau ne kifi za ka auna, in kuwa so kake ka san a ina abu ya shiga ruwa kuma yaushe, kifi yawo yake yi ba zai gaya maka ba. Sai dai ƙanena Sani ka riƙe wannan, bado da shalla ba irin ciyawar tekun da Malam ya ambata ba ne, su ta saiwa suke ci, don haka yawancin abin da za ka samu a jikinsu labarin lakar ne ba labarin ruwan da ke wucewa ba. Shi yasa duk inda ka je abu uku za ka ɗauko tare, ruwa da laka da ciyawar, in ba haka ba za ka samu lamba ka rasa me take nufi. In so kake ka samu mai shan ruwa zalla nemi gansakukar da ke manne a dutse ko a ginshiƙin gada, ko ciyayin nan da ke nutse gaba ɗaya.

Akwai kuma bambancin ruwan daɗi da na gishiri. Siziyom a jikin tsiro kama yake da fotasiyom, to teku cike yake da fotasiyom don haka ciyawar teku ba ta ɗokin siziyom, abin da take tarawa bai wuce kamar ninki 50 na ruwan ba, ka kwatanta da aidin ko teknesiyom da ake maganar dubbai. A ruwan daɗi fotasiyom kaɗan ne, tsiro da kifi sun fi ɗaukar siziyom nesa ba kusa ba. Amma kuma yumɓu yana riƙe siziyom gam, ƙasarmu ta bakin Logon kuwa yumɓu ce, ka ga dalilin da ya sa na ce kar ka bar laka.

Yadda ake aikin, iri ɗaya na ciyawa za ka riƙe, sashe ɗaya na jikinta, wuri ɗaya, lokaci ɗaya na shekara, in ka canza ɗaya daga ciki to ba ka da abin kwatantawa. Ka wanke ta da ruwan wurin ka fitar da yashi da katantanwa, ka auna nauyinta ɗanya, ka busar a tanda, ka sake aunawa, ka niƙa ta zama gari, a zuba a mazubi a sa a na'urar jamaniyom wadda ake sanyayawa da ruwan azot, wato iskar naitirojin da aka mayar ruwa, an kewaye ta da dalma, ta kwana ta wuni tana ƙirga. Kowane sinadari da lambar inda yake fitowa a allon na'urar, siziyom 137 a 662, aidin 131 a 364, fotasiyom 40 a 1461, sakamakon kuma da bekerel, wato ma'aunin tururin nukiliya, a kowane kilo ake rubuta shi.

Ka lura da wannan na ƙarshen don shi ke tsorata mutane a banza. Duk ciyawa a duniya tana da fotasiyom 40, haka Allah ya halicce ta, yana cikin ayaba yana cikin wake yana cikin jikinmu ni da kai. In ka ga ya fito da yawa ba guba ka gano ba. Kuma dan Allah kar wani ya sayi ƙaramar na'urar Gaiga ta gano tururin nukiliya a intanet ya kanga a kan bado ya hau Facebook yana cewa ya gano wani abu, ita ƙara kawai take yi ba ta gaya maka wane sinadari ne, irin wannan ƙanƙanin adadin ma ba ta jin sa.

Ciyawa kuma ba komai take kamawa ba. Ruwan da Japan ta fara saki a teku daga Fukushima a Agusta 2023, abin da ake magana a kai tiritiyom ne, shi kuwa a cikin ruwan kansa yake, ciyawa ba ta tara shi ta ninka yadda take wa aidin, a nan ruwan ake aunawa.

Alh_Marwa

Ni dai 'ya'yana na karanta duka kuma na ƙaru, amma gaskiya zan faɗa. Mu nan abin da ke kashe yaranmu a ruwa kwalara ce da taifod da tsargiya, sai maganin feshin auduga da ke gangarawa rafi, wasu ma har da shi suke kama kifi. Tashar nukiliya ɗaya ce ke aiki a duk Afirka, can Afirka ta Kudu kusa da Kef Tawun, ina mu ina ita. Yaro mai ƙwazo irin Sani in ya sa ƙarfinsa a rijiyoyin unguwa ya fi amfanar jama'a a ganina. Ba hana shi nake ba, shawara ce ta uba.

Baƙo_a_Kiribi

Alhaji barka da war haka, Allah ya ƙara girma. Ni ɗan Ngaundere ne amma aiki ya kawo ni Kiribi, bari na faɗi na bakin tekun tunda shi ne asalin tambayar. Kamaru tana da gaɓar teku kusan kilomita 400, kuma ba baƙonmu ba ne mu 'yan arewa, kifin firigo da busasshen jatan lande da ake sayarwa a kasuwar Garwa da Marwa ta nan suke hawowa. Bututun man Chadi ma daga Doba nan ya ƙare, kilomita 1,070, tun 2003 yake aiki. Ba ina zargin kowa ba ne, amma sananne ne a duk duniya cewa ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai daga ƙarƙashin ƙasa yakan zo da radiyom, wani sinadari mai tururin nukiliya, yana daskarewa a cikin bututu, shi yasa ƙasashe masu mai suke auna shi. Ka ga ba sai da tashar nukiliya ba.

Sai dai Sani irin dogayen ciyayin da Malam ya ce na Kalifoniya da Norwe babu su a nan, ruwan sanyi suke so, a Afirka an fi samunsu wajen Namibiya da Afirka ta Kudu. Namu ƙanana ne, kore-kore da masu launin ƙasa a kan duwatsun Kiribi da Limbe in ruwa ya janye kana ganinsu, sai itatuwan nan masu tsayuwa cikin ruwan gishiri a bakin Wuri wajen Duwala. Akwai kuma wata ciyawa mai yawo da teku ke turowa gaɓar Afirka ta Yamma tuli-tuli tun 2011, ita dai kainuwar teku ce, daga tsakiyar Atilantika take zuwa, maganar DanBulangwa ta hau kanta.

Malam_Garwa

Alhaji Allah ya ja kwana, maganarka ta kwalara babu mai musu, in aka ce a zaɓi ɗaya ni ma rijiya zan zaɓa. Amma a yi min haƙuri na ɗan ja da cewa abin ya yi mana nisa.

Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane cikin hamadar Aljeriya, kuma taswirar sojansu da jaridu suka buga a 2014 ta nuna ƙurar ta kai har Njamena, lokacin ana ce mata Fort-Lamy. Ga kuma na Amurka da Tarayyar Sobiyet da suka yi ta fasawa a sararin sama har farkon shekarun 1960, wanda ya sauka a ko'ina a duniya. Siziyom 137 shekara 30 yake yi ya ragu da rabi, ke nan kusan rubu'in na wancan zamanin yana nan a ƙasa da lakar tafkuna. Kaɗan ne, ba abin tada hankali ba ne, amma yana nan. Sannan nan kusa da mu a Poli akwai yuraniyom a ƙasa, masu binciken Kamaru sun auna ƙasa da iskar ɗakuna a can da kuma Lolodorf a kudu, ruwan yankin Poli kuwa ƙarshensa Binuwai. Ranar da aka ce za a fara haƙa, tambayar farko da za a yi ita ce da can nawa ne a ruwan, in babu wanda ya auna kafin a fara to kamfani zai ce haka ya tarar, jama'a su ce ƙarya ne, babu mai raba gardama. Ni wannan ne babban amfanin aikin Sani a wajena, ya auna yanzu da ake zaune lafiya ya rubuta ya ajiye. Norwe ma da ba su da awon shekarun baya da ba su iya nuna cewa abu ya ƙaru ba.

Maganar DanBulangwa ta abin da ake ci kuma tana da tarihi. A kudancin Wels mutane suna cin wata ciyawar teku da suke dafawa ta yi laushi, a shekarun 1950 da 1960 ana kawo musu ita daga gaɓar da ke kusa da Sellafield, lokacin sunan wurin Windscale. Da aka bincika sai aka ga ta wannan abincin ne wani sinadari rutaniyom 106 ya fi isa jikin mutane, mutanen da ke nesa da masana'antar ba ma maƙwabtanta ba, har ya zama da yawan cin ciyawar ake lissafa iyakar abin da za a bari a zubar. Mu ma muna da abincin ruwa irin wannan, ga bado ga dihe da matan Kanembu ke kwasa a tafkunan kanwa na Kanem su shanya a yashi a yi miya. Ban ce akwai wani abu a cikinsu ba, a fahimce ni, cewa nake duk abin da ke tsirowa a ruwa mutum ya ci shi kai tsaye ya cancanci a san adadinsa.

Alh_Marwa

To Malam na ji wannan ta Poli, ta shige ni. Amma in zai ɗebo ruwan ya haɗa da gwajin maganin feshi a tafiya ɗaya, kuɗin mota ɗaya ne.

Sani_Kuseri

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya bar zumunci. Alhaji in sha Allah zan kai wa malamina wannan shawarar ta haɗa gwajin biyu. Yanzu abin da nake tunani na taƙaita a Binuwai, wuri ɗaya sama da madatsar Lagdo ɗaya ƙasa da Garwa, na ɗauki shalla da gansakuka da laka da ruwa, sau ɗaya da kaka sau ɗaya da bazara. Anti Maman Hafsat kamar kilo nawa ake tsinka, kuma in na busar zai iya jira ko sai an auna nan take?

Maman_Hafsat_Njamena

Ciyawar ruwa kusan duk nauyinta ruwa ne, in ka busar da kilo 10 da ƙyar ka tashi da kilo 1, don haka ka tsinki kamar kilo 3 zuwa 5 ɗanya a kowane wuri, gansakuka za ta ba ka wahala kafin ta taru amma ka daure. Maganar jira ya danganta da abin da kake nema. Aidin 131 ka cire shi daga memwar ɗinka, kafin ka busar ka hau jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde ka jira layi a labo ya riga ya tafi, bayan kwana 80 kashi ɗaya cikin dubu ne ke saura, zafin tanda ma yana korar sa. Siziyom 137 da radiyom 226 kuwa za su jira ka, radiyom ma dole ne a rufe mazubin ruf a ajiye shi kamar sati 4 kafin a auna, don iskar radon da yake haifarwa ta taru a ciki, ta 'ya'yanta, wato sinadaran da ita ma take haifarwa, ake gane yawansa.

Wuraren naka ka sake dubawa da malaminka, in Poli ce a ranka to ka bi taswira ka ga ta ina ruwan yankin ke shiga Binuwai, ka sa wuri ɗaya sama da mahaɗar ɗaya ƙasa da ita, in ba haka ba duka biyun za su iya faɗawa gefe ɗaya. Kuma kafin ka tsinki ko ganye ɗaya ka sa malaminka ya rubuta wa hukumar da ke kula da harkar tururin nukiliya a Yawunde ya tambayi wane labo ne zai karɓi samfurin da irin mazubin da suke so, don kowace na'ura da girman mazubin da aka daidaita ta da shi. Kamaru da Chadi duk suna cikin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ita kuma tana da labo na musamman kan teku a Monako kuma tana horar da ɗalibai, ya tambaya har da wannan. A kowace leda ka rubuta rana da sunan wurin da lambobin da wayarka ta nuna na inda ka tsaya, da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa.